Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓe Kuɗi

Tun daga watan Agusta na 2001, lokacin da wayar tafi-da-gidanka ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, har zuwa yau da kusan kowace waya ke ɗauke da kyamara, sana'ar ɗaukar hoton labarai ta sauya hannu. A da, in gobara ta tashi a wata kasuwar Ikko ko mota ta kife a hanyar Badun, sai an jira mai hoton jarida ya iso da kyamararsa rataye a wuya, ya ɗauki abin da ya tarar, ya koma ofis ya wanke. Yanzu kuwa, kafin ya fita daga cunkoson motocin Oshodi, mai shayin da ke bakin ƙofar kasuwar ya riga ya ɗauka, ɗan dako ya aika wa 'yan garinsu, mai gadi ya sa a Facebook. Washegari sai ga hoton nan a shafin farko na jarida, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa daga intanet aka samo shi, wani lokaci ma tambarin jaridar ne aka manna a jikinsa kamar ma'aikacinta ne ya ɗauka. Mai hoton bai ji an tambaye shi ba, bai ga sunansa ba, balle a yi zancen sisin kwabo.

Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a gidajen jaridu da yawa da shafunansu na intanet, har ta kai ba a ganin ta da muni. Alhali kuwa cin haƙƙi ce tsagwaronta, kuma 'yan Arewa mazauna biranen Kudu suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Su ne a bakin titi dare da rana, su ne a Mile 12 da Agege da Idi-Araba, a Sabon Badun da Shagamu, a Ama Hausa ta Owerri da karar shanu ta Lokpanta, a Anacha da Fatakwal. Duk abin da zai faru a kasuwa ko a tasha, a gabansu yake faruwa, saboda haka sau da yawa hoton farko daga hannunsu yake fitowa. Su ne kuma suka fi ƙarancin sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa in an ɗauke musu.

TSINTUWA BA TA ZAMA MALLAKA

Babbar hujjar masu wannan aiki ita ce wai a fili suka tsinci hoton, tun da mai shi da kansa ya baza shi inda kowa ke gani. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Mai albasa da ya baje buhunansa a bakin hanya a Mile 12 domin a gani ya baje su, ba wanda zai ɗauki buhu ya wuce ya ce a fili ya same shi. Ko abin da aka tsinta yashe a ƙasa, al'ada da shari'a sun ɗora wa wanda ya tsinta yin cigiya har a sami mai shi. To ina ga abin da mai shi yana nan da ransa, sunansa na rubuce a saman shafin da aka kwafo hoton?

Doka ma haka ta ce. Tun dokar soja ta 1970, da wadda ta gaje ta a 1988, hoto yana cikin ayyukan da aka kare wa masu su haƙƙin mallaka. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ƙara jaddada haka. A wurin doka, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai aikin, ko ya yi makaranta ko bai yi ba, ko kyamarar miliyoyi ya riƙe ko tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ba sai ya yi rajista a wani ofis ba, da zarar ya ɗauka haƙƙi ya tabbata, kuma kariyar tana kaiwa shekara 50. Ban da haƙƙin cin moriyar hoton, doka ta ba shi haƙƙin a danganta aikin gare shi, da haƙƙin hana a jirkita shi ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Nijeriya kuma ta shiga Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tun 1993, saboda haka kariyar ba ta tsaya a bakin iyakar ƙasa ba.

Wasu editoci suna fakewa da cewa doka ta yi sassauci ga masu ba da labarin abin da ke faruwa. Gaskiya ne akwai wannan sassauci, amma da sharaɗi ya zo: amfanin ya zama na adalci, kuma a ambaci mai aikin matuƙar hakan zai yiwu. Kalmar "intanet" ba sunan mutum ba ce, haka ma Facebook da WhatsApp, domin ba su suka tsaya a bakin gobara hayaƙi na shiga musu ido ba. Rubuta sunansu a ƙarƙashin hoto daidai yake da mutum ya ci tuwon maƙwabcinsa ya gode wa akushi. Sharuɗɗan Facebook kansu sun nuna cewa hoton da mutum ya sa yana nan a matsayin nasa, izinin da ya bayar na kamfanin ne domin ya nuna shi a dandalinsa. Wannan izini bai ratsa ya kai ga kowace jarida da ta ga dama ba.

DARASI DAGA HAITI

An riga an gwada wannan magana a gaban alƙali. Ran 12 ga watan Janairu na 2010 girgizar ƙasa ta rushe Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya fita cikin ƙura da kururuwa ya ɗauki hotuna, ya sa su a Twitter. Nan da nan wani mutum a maƙwabciyar ƙasa ya kwafe su ya sa a shafinsa kamar nasa. Kamfanin dillancin labarai na Faransa, watau AFP, ya ɗauke su daga can ya rarraba wa jaridun duniya tare da kamfanin Getty Images, da farko ma da sunan wanda ya kwafa. Da Morel ya yi magana, sai AFP ya riga shi zuwa kotu, yana cewa duk wanda ya sa hoto a Twitter ya ba kowa izini ke nan. Kotun New York ta ƙi wannan hujja, kuma a watan Nuwamba na 2013 aka yanke cewa kamfanonin biyu su biya shi dala miliyan 1 da dubu 200 a kan hotuna 8.

Morel ƙwararre ne, yana da lauyoyi, duk da haka sai da ya yi kusan shekara 4 yana fama. Mai wankin takalmi a Obalende ba shi da wannan hali. Amma abin da ya sa Morel ya ci shari'a shi ne hotunan nasa ne, ba don takardar shaidar sana'a ba, kuma wannan dalili ɗaya ne ga kowa. Tarihin aikin jarida ma ya nuna cewa ba yau aka fara sayen hoto daga hannun wanda ba sana'arsa ba ce. Abraham Zapruder mai ɗinkin tufafin mata ne a birnin Dallas, ya fito kallon Shugaba Kennedy ran 22 ga watan Nuwamba na 1963 da 'yar kyamararsa ta gida, sai ya ɗauki kisan shugaban. Mujallar Life ba ta ce tsintuwa ta yi ba, ta zauna da shi aka yi ciniki, ta biya dala dubu 150. Haka kuma Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17 da ta ɗauki kisan George Floyd da wayarta ran 25 ga watan Mayu na 2020, hukumar kyautar Pulitzer ta karrama ta da sunanta a 2021. In manyan gidajen labarai na duniya sun yarda cewa ɗan kallo na iya zama mai hoto, ba dalilin da zai sa jaridun Ikko da Abuja su mai da shi bawan da ba a biya.

HOTON DA BA SUNA, BA MAI TSARE SHI

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar ɓarna a cikin wannan lamari. Babbar ɓarnar ita ce, hoton da aka raba da mai shi an raba shi da shaidarsa. Mai shi ne kaɗai ya san ranar da ya ɗauka, da unguwar, da abin da ya faru kafin nan da bayan nan. Da zarar an yanke wannan igiya, kowa na iya rataya wa hoton labarin da ya so.

A watan Yuli na 2010 wata tankar man fetur ta kife ta kama da wuta a garin Sange da ke gabashin Kwango, mutum fiye da 200 suka mutu. Hoton gawarwakin da aka jera ya yi shekaru yana yawo a duniya da ƙaryar cewa mutane ne da aka ƙone a rikicin addini a Nijeriya. A 2014, lokacin gangamin neman a sako 'yan matan Chibok, an yi ta yaɗa hoton wata yarinya a matsayin ɗaya daga cikinsu, alhali wata Ba'amurkiya mai suna Ami Vitale ce ta ɗauke shi a ƙasar Gini Bisau, kuma ba ita aka tambaya ba, ba yarinyar ba. A 2018 kuwa, wani bincike na BBC ya nuna yadda hotunan da aka baza a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato na watan Yuni, waɗanda wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba, suka rura wutar ramuwar gayya, aka tare hanya aka kashe matafiya.

Wanda ke zaune a gari ba nasa ba ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi. Hoto ɗaya da aka liƙa wa ƙarya da safe ya isa ya sa a rufe shaguna a Sabo kafin azahar, ya kuma jefa Bayarabe da Inyamurin da ke Sabon Garin Kano cikin irin wannan fargaba kafin magariba. Rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, inda aka ƙone shaguna da gidaje, da kisan matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, duka ta wayoyin mutanen da ke wurin ƙasa ta fara ganin su. A irin waɗannan ranaku, editan da ya nemi wanda ya ɗauki hoto kafin ya buga ya yi aiki biyu da kira ɗaya: ya sauke haƙƙi, ya kuma tabbatar da gaskiyar abin da zai nuna wa jama'a. Wanda ya kwafa kawai ya buga, ko shi kansa bai san abin da ya buga ba.

IZINI SHI NE GABA

Kada kuma a ɗauka cewa rubuta suna shi kaɗai ya wanke jarida. Akwai inda sunan kansa yake zama bala'i. Mawaƙiyar nan DJ Switch, wadda ta nuna abin da ya faru a ƙofar Lekki kai tsaye ta Instagram a daren 20 ga watan Oktoba na 2020, sai da ta bar ƙasar saboda tsoron ranta, ga ta kuwa sananniya mai magoya baya. To yaya mai gadin da ya ɗauki hoton jami'i yana karɓar na goro a bakin ƙofar da yake tsaro, ko ɗan acaɓan da ya ɗauki 'yan iskan gari suna fasa shago a layin da yake kwana? In jarida ta buga sunansa ba da saninsa ba, ta miƙa shi ga waɗanda ya tona wa asiri, ita tana can a ofis mai sanyi.

Saboda haka tambaya ita ce matakin farko, sauran duka a bayanta suke. Mai hoto ne zai ce a sa sunansa ko a sakaya, shi zai ce a biya shi ko ya bayar kyauta, shi zai ce a buga ko a bari. Da yawa za su bayar kyauta da farin ciki, musamman in hoton zai jawo hankalin hukuma ga gadar da ta karye ko kwatar da ta cushe a unguwarsu. Amma kyauta sai mai abu ya bayar da bakinsa. Abin da aka ɗauka ba a tambaya ba yana da wani suna dabam.

HALIN DA JARIDU KE CIKI

Adalci ne a faɗi cewa gidajen jaridu suna cikin matsi. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ta daɗe da durƙushewa, takarda sai an shigo da ita da kuɗin waje, masu talla sun koma intanet, masu sayen jarida sun ragu. Ba Nijeriya kaɗai ba, a watan Mayu na 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta sallami dukkan masu ɗaukar mata hoto su 28, ta ce wakilanta su riƙa ɗauka da waya. Ga kuma gaggawa, domin labarin intanet ba ya jiran gobe.

Duk da haka, talauci bai taɓa halatta wa mutum kayan wanda ya fi shi talauci ba. Jaridar da ke cewa ba ta da abin biyan mai hoto tana biyan kuɗin takarda da tawada da man janareto, tana kuma karɓar kuɗin talla a kan shafin da hoton nan ya jawo wa masu kallo. Ita ce kuma ke rubuta gargaɗi a ƙasan shafinta cewa kada kowa ya kwafi labarinta sai da izini a rubuce. Wanda ya san zafin a ɗaukar masa bai kamata ya ɗaukar wa wani ba. Batun gaggawa ma ba hujja ba ce, domin wayar da ta kawo hoton cikin minti ɗaya ita za ta kai saƙon neman izini cikin minti ɗaya. Ran 7 ga watan Yuli na 2005, da bama-bamai suka tashi a Landan, BBC ta karɓi hotuna fiye da 1,000 daga jama'a cikin sa'o'i 6, kuma wannan ya ƙarfafa ta ta riƙe sashe na musamman mai tantance irin waɗannan hotuna da tuntuɓar masu su. Abin da ake bukata ke nan, ko da ma'aikaci ɗaya ne da waya ɗaya.

Akwai kuma wanda ake zalunta ba a lura ba, watau ƙwararren mai hoton jarida. Ƙasar da ta haifi Peter Obe na Daily Times, wanda hotunansa na yaƙin basasa suka zama tarihi, da J. D. Okhai Ojeikere, wanda ya adana wa duniya kitson matan Nijeriya, bai kamata ta bar wannan sana'a ta mutu ba. Muddin edita na samun hoto a banza, ba zai ga dalilin riƙe ma'aikaci ba. Ranar da aka fara biyan mai shayi, ranar ce darajar ƙwararre za ta dawo.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba sabuwar doka ake nema ba. Kundin ɗa'ar aikin jarida da ƙungiyar 'yan jaridu da ta editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da shi a Ilori a 1998 ya hana kwafar aikin wani ba tare da ambato ko izini ba, ya kuma umarci ɗan jarida ya kiyaye dokokin haƙƙin mallaka. A 2023 waɗannan ƙungiyoyi sun kafa hukumar karɓar koke-koken jama'a a kan kafofin labarai. Abin da ya rage shi ne aiki da abin da aka rubuta. Kowane gidan jarida ya kafa ƙa'ida cewa ba hoton da zai shiga shafi sai an san wanda ya ɗauka kuma an ji ta bakinsa, ya kuma bayyana farashin da yake biya yadda yake bayyana farashin talla. In lamari ya yi tsanani aka nemi mai hoto ba a same shi ba, a faɗi haka ƙarara a ƙarƙashin hoton, a ajiye masa haƙƙinsa har ya bayyana. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1989, ta yi suna wajen kamen masu satar littattafai da faya-fayai. Lokaci ya yi da za ta waiwayi wannan fage, ta kuma fassara bayanin dokar cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a watsa ta rediyo.

Su kuma masu ɗaukar hoto akwai abin da ya rataya a wuyansu. Kada mutum ya goge asalin hoton daga wayarsa, domin a jikinsa akwai bayanin rana da sa'a da irin wayar da aka ɗauka da ita, bayanin da yakan ɓace in hoto ya bi ta WhatsApp. Wannan asali shi ne shaidarsa. In ya ga hotonsa a jarida, ya ajiye kwafen jaridar ko ya ɗauki hoton shafin, ya rubuta wa edita cikin ladabi yana neman a sa sunansa ko a biya shi ko a sauke. In an nemi izininsa, ya fayyace ko na bugu ɗaya ne ko na dindindin, kuma ya sani cewa sayar da haƙƙi ɗungurungum ba ya inganta a doka sai a rubuce. In lallami ya ƙi, dokar 2022 ta ba shi damar neman a sauke hoton daga intanet, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke jin irin wannan ƙara. Sa'an nan ya tuna cewa mutanen da ke cikin hoton su ma suna da mutunci. Ɗaukar gawa tsirara ko wanda ya ji rauni yana neman taimako, a baza a duniya kafin iyalansa su ji, ba abin alfahari ba ne, kuma ceton rai yana gaba da ɗaukar hoto.

Mutum ɗaya ba zai iya ja da gidan jarida ba, amma jama'a za ta iya. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu da sauran garuruwa, da shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin direbobi da 'yan dako, suna da sakatarori masu ilmi, kuma a cikin 'ya'yan zango akwai lauyoyi da 'yan jarida. Wasiƙa ɗaya mai hatimin ƙungiya ta fi koke ɗari na ɗaiɗaiku nauyi a teburin edita. Ya kamata waɗannan shugabanni su sa wannan batu cikin abin da suke tattaunawa a tarurrukansu, su ware wanda za a riƙa kai wa irin wannan ƙara.

Jarin jarida amincin jama'a ne. Wadda ke tuhumar masu mulki da cin dukiyar talakawa a shafinta na farko, alhali hoton da ke saman labarin na wani talaka ne da ba a tambaye shi ba, ta raunana maganarta da hannunta. Gyaran kuwa ba shi da tsada: a kira mai hoto, a nemi izininsa, a rubuta sunansa in ya yarda, a ba shi abin da ya samu.